Ƙafar Yaya Habi

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin bankwana a tashar mota ba. An yi kuka, an yi addu'a, gwaggona ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka, mota ta tashi. Kowa ya san wannan. Abin da ya kamata ku sani kafin mu sauka Mosko shi ne abin da ke ƙasan akwatina: hoton ƙashin ƙafar yayata, wanda aka ɗauka a asibiti, naɗe cikin tsohon zane.

Yaya Habi ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Fataucin doya take yi tsakanin kasuwar Gawu da garinmu, wanda a lokacin Abuja ake ce masa. Da doyar nan na gama sakandare. Wata ranar kasuwa motar da ta ɗauko su ta kife a hanya, kaya suka danne mata ƙwaurin hagu.

Babanmu maɗori ne, kowa ya san shi a unguwarmu Kwamba, har daga Gauraka ake ɗauko masa masu karaya a kan ƙofa. Yana da al'adarsa da ya gada. In an kawo mutum, sai ya kama zakara, ya karya masa ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, ya ɗaure su biyun da karare a zama ɗaya. Ranar da zakara ya taka, ranar mai karaya zai taka. Haka ya yi wa 'yarsa. Jan zakara ne, mai dogon wuya. Ya taka, har ya koma bin kaji. Ƙafar Yaya kuwa ta buɗe, ta dinga zubar da mugunya, gutsattsarin ƙashi suna fita ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin ƙashin sama da na ƙasa ya zama rami.

A asibitin Minna suka ce sai yankewa. Amma wani matashin likita da ya yi karatu a Rasha ya ja ni gefe, ya ce akwai wani gari a can inda ake sa ƙashi ya tsiro kamar rogo. Bai ce za su karɓe ta ba. Ni ce na ji haka, don haka nake so in ji. Da gurbin karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje a Rasha ya fito, na shiga na fita har na samu.

Na gaya wa Baba a gaban mutane cewa wasa yake da rayukan bayin Allah shi da kajinsa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Lantana, don haka ba ya iya zagina. Ya ce, "Uwata, ki rage harshe." Ita kuwa Yaya na sa ta yi mini alkawari.

Na ce, "Kada ki yarda su taɓa ƙafar nan sai na aiko."

Ta ce, "To, uwar gaggawa. Ƙafar tana nan, ina za ta je? Ai ba ta tafiya."

Shi ke nan. Mu sauka.

Sanyin Mosko ba irin wanda kuka sani ba ne. Ba fata yake kamawa ba, haƙora yake nema. Na sauka da zane da rigar sanyin makaranta, yatsuna suka ƙi buɗe makullin akwati. A ɗakin kwanan ɗalibai wani ya yi mini sallama da Hausa. Wallahi saura kaɗan in rungume shi, namiji ne fa. Ya ce sunansa Garba, ya daɗe a ƙasar, kowa ya san shi.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ƙanwata, a haka za ki fita? Kafin Juma'a sai dai mu yi miki sallar gawa."

Ya kawo mini wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya. Ya ce ba ya son komai, sai dai in da ɗan abin gida. Ya tafi da kilishina duka, da yaji, da atamfa biyu da Yaya ta ba ni daga cikin kayan aurenta. Ban ji zafi ba, na ce ɗan'uwa ne.

Ba a yi sati ba, matar da ke kula da ginin ta cafke ni a matakala, ta juya wuyan kwat ɗin, ta nuna wa duk mai wucewa wani tambari da ke ciki. Ta mai gadin ginin ce, an sace masa. Tana ta ihu, mutane sun taru, ni kuwa kalma biyu na sani a harshensu: burodi da na gode. Sai na ce mata na gode. Aka tuɓe mini kwat ɗin a nan tsaye.

Na sami Garba a ɗakin cin abinci yana barbaɗa yajina a kan dankali. Ya ce, "Ƙanwata, nan kowa ta kansa yake yi. Ki ɗauka karatu ne." Na ce masa Allah ya isa, da ƙarfin da sai da masu rabon miya suka leƙo. Tun daga ranar, in na ji Hausa a titi sai in sauya hanya, alhali ba abin da kunnena yake yunwa kamarta.

Watanni aka tsare mu a Mosko muna koyon harshe. Wannan tebur ne. Wannan taga ce. Yaro yana cin tuffa. Ni ina zaune ina jin warin ƙafar Yaya a hancina, ana koya mini tuffa. Wata rana na miƙe na ce wa malamar, "Ni ba tebur ya kawo ni ba. Yaya ake cewa ƙashi? Yaya ake cewa mugunya?" 'Yan aji suka yi dariya. Malamar, wata siririya mai tari, ba ta yi ba. Bayan an tashi ta zaunar da ni, ta dinga taɓa jikinta tana faɗin suna: gwiwa, ƙwauri, jijiya, tsoka, ɓargo. Ta kuma kawo mini tsohuwar kwat ta ƙanwarta. Ta juya wuyan da kanta ta nuna mini, babu tambari.

Daga gida wasiƙa takan zo jefi-jefi, wani malamin firamare maƙwabcinmu ke rubuta musu. Gaisuwa ce shafi guda, sai a ƙarshe a ce Habi tana gaishe ki, jiki da sauƙi. Na san mutanena. Ba a gaya wa matafiyi mugun labari. Amma kuma ba ni da wani abin riƙewa sai wannan.

Da aka gama koyon harshe aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa gabas, garin nan da likitan Minna ya faɗa mini. Tafiya ce da za ka kwana, ka tashi, ka sake kwana, ba abin da ke wucewa ta taga sai farin fili da fararen itatuwa. Wata tsohuwa ta lashi yatsanta ta goga a bayan hannuna, ta duba ko ya yi baƙi. Na kama nata hannun na goga, na duba nawa yatsan. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɓare mini dafaffen ƙwai. Wani soja ya ƙi zama kusa da ni. Wani sojan kuma ya kawo mini shayi a kofin gilashi.

Abin da ba zan manta ba shi ne sanduna. Duk tashar da muka tsaya, sai masu sanda su ƙaru. Guragu, masu gajeriyar ƙafa, wani da hannu a lanƙwashe kamar lauje, uwaye ɗauke da manyan yara. Kafin mu isa, taragon ya cika da sandunan dogarawa har ba wurin wucewa. Duk wuri ɗaya muka nufa. Na dube su na ce a raina, Lantana, duk waɗannan suna gaban Yaya a layi, kuma ƙasarsu ce.

Cibiyar gyaran ƙashin tana bayan gari. Ranar farko da na shiga na tsaya a barandar asibitin kamar an dasa ni. Mutane ne ke yawo da zobban ƙarfe kewaye da ƙafafunsu, an soke ƙashin da siraran wayoyi irin na ƙafar keke, an ɗaure a jikin zobban. Ba a kwance suke ba, tafiya suke yi. Wata yarinya ta zauna a benci, ta ciro ɗan sifana daga aljihu, ta murɗa notin ƙafarta da kanta, ta mayar, ta ci gaba da cin biskit.

Hikimar ita ce wannan. Ana yanka ƙashi a inda yake da lafiya, a bar shi ya fara kamawa, sannan a dinga jan ɓangarorin biyu suna rabuwa, kullum kamar kaurin farce. Jiki ba ya son rami, sai ya dinga cika tsakanin da sabon ƙashi. Tsoka ta biyo, jijiya ta biyo, fata ta biyo. In ka ja da sauri abin ya tsinke, in ka yi jinkiri ya daskare. Na tsaya ina kuka a barandar, ba don tausayi ba, don haushi. Ashe abin yana nan duk shekarun da muke ɗaure kaji.

Na zaci a asibitin za a sa ni. Sai aka bi da ni ta baya, aka wuce ɗakin wanki, aka buɗe wata ƙofa. Haushi da wari suka tarye ni. Karnuka ne, jere a keji, kowanne da zoben ƙarfe a ƙafar baya.

Likitan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa dogo ne ƙwarai, kullum da taba a baki. Sunansa yana karya mini harshe, don haka Likita Dogo nake ce masa, har ya saba. Na ce masa, "Ni Musulma ce, ba na taɓa kare."

Ya ce, "To ki koma Mosko ki koyi buga tafireta. Duk abin da kika gani a barandar can, a nan ya fara. Mu muke karya musu ƙafa, mu ɗaura, mu gani. In kare ya taka, sannan mu taɓa mutum."

Na sake duban karnukan. Na ƙetare rabin duniya don in guje wa zakaran Baba, ga shi na tarar da shi da wutsiya.

Wadda ta sa na iya zama ita ce tsohuwar da ke dafa wa karnukan abinci. Ranar ta gan ni a bakin famfo ina dirje hannu da ƙasa har yana jini. Ta matso ta ce, a hankali, "Salamu alaikum." Na juya kamar an harbe ni. Batatariya ce, wata ƙabila a can, Musulma, sunanta Zuhra. Fatiha da ƙulhuwallahu kaɗai suka rage mata, su ma a ɓoye. Ta ce, "'Yata, shekara da shekaru ina wannan aiki. Ki wanke, ki yi sallarki. Allah ya san inda ya ajiye mu." Ta ba ni wuri a bayan buhunan hatsi inda ba mai gani, ta kawo mini takalman gashin tumaki masu kai wa gwiwa. Inna nake ce mata.

Aikina kashi biyu ne. Ina murɗa notin karnuka a kan lokaci. Sannan ina auna yadda suke taka ƙafar. Sai in shimfiɗa doguwar takarda a ƙasa, in shafa wa tafin kare tawada, in ja shi ya bi ta kai. Ƙafar da ke ɗaukar nauyi tana barin sawu cikakke, yatsu a baje. Wadda ake lallaɓawa ɗan ɗigo take bari. Bayan haka in tsayar da shi a kan sikeli biyu. Da tafiya ta yi tafiya, ban ma buƙatar tawada. Ina kallon ƙugu da kafaɗa zan gaya maka wace ƙafa ce ke aiki, wace ce 'yar rakiya. Har a titi abin ya bi ni. Ban ƙara ganin mutum ba sai tafiyarsa.

Ban jira an saba ba na kai wa Likita Dogo hoton ƙashin Yaya. Ya ɗaga shi a taga ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya ɗaura wannan?"

Na ce, "Babana."

"Ya jera shi daidai. Ƙwayar cuta ce ta cinye." Ya ajiye. "Ramin yana da girma, kuma akwai ruɓa. Irin wannan ne muke gwadawa yanzu a kan rukunin karnukan da ke kejin ƙarshe. In sun yi kyau, zan kai maganar gaban Babban Likita. Baƙuwa ce, sai ma'aikatarsu da tamu sun sa hannu. Ban yi miki alkawari ba."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Ƙashi ba ya jin yaushe."

A kejin ƙarshe akwai wani jan kare mai dogon wuya. Karnukan ba su da suna, lamba gare su a kunne. An cire masa guntun ƙashi a ƙwaurin hagu, an sa masa cutar da gangan, an bar rami daidai irin na Yaya. Ban san lokacin da na fara ce masa Zakara ba. Inna Zuhra ta tambaye ni ma'anar sunan. Na buga hannuwa a cinya na yi mata cara. Ta riƙe ciki tana dariya, ta ce yarinyar nan sanyi ya taɓa mata kai.

Ku faɗi abin da za ku faɗa. Ni mai takardar sakandare, ni da na ci mutuncin mahaifina a gaban jama'a, na wayi gari ina duba ƙafar kare don in san yadda yayata ta kwana. In Zakara ya ƙi cin abinci, ranar ba na iya haɗiyar burodi. In mikin ya bushe, sai in yi ta waƙa ina shara. Na dinga ɗebo masa nama daga kwanona. Na taɓa son in ƙara masa murɗi ɗaya don ramin ya yi saurin cika, sifana na hannuna, Inna Zuhra ta buge mini hannu da ludayi. Ba ta san komai a kan ƙashi ba, ni ta sani.

Damina ba ta zuwa a can, sai ƙanƙara ta narke gari ya zama taɓo. A wannan lokacin kewar gida ta fi cina. Na tuna ruwan farko a kan jar ƙasar Kwamba, da dutsen Zuma in hadari ya rufe masa kai, da Yaya tana soya doya tana zagina don na ƙone baki saboda ba na iya jira ta huce. Daddawar gwaggo ta ƙare tuni, amma na ajiye ledar, nakan buɗe in shaƙa.

Hoton ƙashin Zakara kuwa kullum ƙara kyau yake. Da farko ramin baƙi ne wuluk. Sai wani hazo-hazo ya bayyana a ciki, kamar hayaƙi. Hayaƙin ya zama zare-zare, zaren ya yi kauri. Aka cire masa zoben. Na shafa tawada, na ja shi a kan takarda. Sawu huɗu, cikakku, yatsu a baje. Na durƙusa a kan takardar, tawada ta ɓata mini riga, na ce da Hausa, "Ya taka. Yaya, ya taka."

Likita Dogo ya duba takardar ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ki hana shi abinci gobe. Jibi za mu cire ƙashin."

Ban gane ba, ko kuma na ƙi ganewa. Ya yi mini bayani kamar yarinya. Hoto ba ya isa. Sai an yanka ƙashin sala-sala, siriri kamar fatar albasa, an duba a madubin likita, a ga ko ƙashin gaske ne, ko akwai sauran cuta a ɓoye. Ba a yin haka kare yana raye. Na sha ganin ana yi wa wasu, ni ce ma ke wanke teburin.

Na ce, "Ba wannan ba. Ku ɗauki wani."

"Wannan ne ya fi kyau. Shi za mu nuna wa Babban Likita. Ba yayarki kike so a karɓa ba?"

"A garinmu ba a yanka shi. Ana barinsa ya yi ta yawo a tsakar gida har ya mutu don kansa."

Ya cire tabar daga bakinsa ya ce, "Wa?"

Ta yaya zan gaya masa zancen zakaran Baba? Na ce ba kowa.

Ni na kai shi. Ba wanda yake yarda da shi sai ni, da wani ne ya ja shi da ya yi ta kokawa. Ya bi ni da ƙafafunsa huɗu, ba ɗingishi, yana kaɗa wutsiya, yana shinshina aljihuna don ya san nan nama yake. Na riƙe kansa aka yi allurar. Bayan nan Inna Zuhra ta zuba mini ruwa na wanke hannu, ta karanta Fatiharta, ban san ko don ni ba ko don shi.

Ƙashin ya yi kyau. Likita Dogo ya kira ni na leƙa madubin da idona: jajayen hanyoyin jini, da sabon ƙashi jere kamar saƙar zuma. Babu cuta. Ya cika maganarsa, ya je gaban Babban Likita, ya dawo ya ce an yarda a duba, amma hoton da na zo da shi ya tsufa. A aiko sabo daga asibiti.

Na rubuta gida a tsaye. Na faɗa musu dalla-dalla: a kai ta Minna, a ɗauki hoton ƙashi irin na wancan karon, gaba da gefe. Na ja layi a ƙarƙashi har biro ya huda takarda.

Amsar ta daɗe. Da ta zo, ambulan ɗin ƙarami ne, tun daga nan na san da matsala, don hoton ƙashi ba ya shiga irinsa. Hoton mai hoto ne na bakin kasuwa, da labule mai zanen fulawa a baya. Yaya Habi ce tsaye, ta ci ado, ɗaurin ɗankwali ya tashi, zane har ƙasa, bakin takalma biyu suna leƙowa. Tana murmushi. A bayan hoton malamin ya rubuta: Ga Habi ta miƙe. Ki kwantar da hankalinki ki gama karatunki.

Na yi murna. Wallahi na yi, na kai tsawon numfashi biyu ina murna. Sai idona ya sauka ƙasa don kansa, yadda na koya masa.

Takalmin dama ya baje, ya lotsa a gefe, akwai mutum a cikinsa. Na hagu yana zaune cas, kamar a kanti. Ƙugunta ya karkata dama gaba ɗaya. Zanen a hagu ya zubo sak, ba tudun ƙwauri a ƙarƙashinsa. Labulen da ke bayanta kuma ya tattare daidai ƙugunta, kamar wani ya damƙe shi daga baya.

Na kai wa Likita Dogo na ajiye a kan teburinsa. Ya fara murmushi. Sai ya sa tafin hannu ya rufe saman hoton, ya bar ƙafafun. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba za su faɗa ba."

"Don me?"

"Don ina hanya."

Ya miƙo mini tabarsa, ya tuna, ya janye. Ya ce in tafi ɗaki in huta. Ban tafi ba. Lokacin murɗa noti ya yi, karnuka ba su san da wata Habi ba.

Na gama karatun, tunda abin da suka yanke shawarar saya mini ke nan da ƙaryarsu. Na amsa wasiƙar na ce na ga hoto, na yi murna, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma 'yar gidan ce, na iya. Ranar da zan taho Inna Zuhra ta ba ni safa da ta saƙa, ta ce in kai wa yayata. Ƙafa biyu ta saƙa. Ban gaya mata ba, ita ma.

Na bar garinmu yana Abuja, na dawo na tarar an ba wa wani daji sunan, mu an ce mu ne Suleja. Manyan motoci sun cika hanya, baƙi ko'ina, har ɗan dakon da ya ɗauki akwatina Turancin kasuwa ya yi mini. Amma zaurenmu yana nan, da warin man ɗori.

Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana feraye doya, sanda a jingine da bango. Daga gwiwa aka yanke. Ta ga inda idona ya je, ta ga ban firgita ba.

Ta ce, "Uwar gaggawa. Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Takalminki."

Ta yi tsaki. "Na ce musu a ƙara tsumma a ciki. Mai hoton ne ya ce ya isa." Sai ta ajiye wuƙar. "Na jira ki, Lanti. Allah ya sani na jira. Har sai da abin ya fara hawa cinya, na daina gane mutane. Baba ne ya ɗauke ni ya kai asibiti. Shi ya danna yatsa a takardarsu."

Ban tambayi ranar ba. Har yau ban tambaya ba, don na san ranar da zan gwada ta da ita: ranar da na kai Zakara aka yi masa allura.

Na ce, "Wa ya riƙe ki a hoton?"

Ta nuna zaure da haɓa. "Durƙushe a bayan labule, da tsufansa. Yana riƙe da ƙuguna yana cewa ki yi dariya, Habi, kada uwata ta gane."

Na same shi a zaure yana fiƙe karare. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zo da maganganu cike da baki, na shekaru, na zoben ƙarfe da noti da sabon ƙashi, har da cewa wani likita a can ya ce Baba ya jera ƙashin daidai. Wannan ta ƙarshen kaɗai na faɗa. Ya ci gaba da fiƙa.

Can ya ce, "Habi ta ce kin rubuto wai su ma a can dabba suke karyawa."

"Kare, Baba."

"Kin ɗaura wa wani saboda ita?"

"Na ɗaura."

"Ya taka?"

"Ya taka, Baba."

Ya ajiye wuƙar. A bakin ƙofa jan zakaran nan ne, ya tsufa, gashin wuyansa ya zube, yana tona ƙasa da ƙafar hagu. Muka zuba masa ido mu biyun.

Baba ya ce, "Nawa ma ya taka."